Ragon Da Ba Ya Cikin Littafi

Akwai wasu mutane a garin nan, ba zan kama suna ba, da suka wayi gari suka naɗa wa kansu sarautar tsofaffin littattafan hikaya. Ka buɗe waya, su ne. Ka je ɗaurin aure, su ne. "Kai, littattafan da! Yaran yanzu me suka sani?" Su dafe ƙirji, su lumshe ido, ka ce a gabansu aka rubuta. To na rantse da wanda ya halicce ni, rabinsu su ne waɗanda a wancan zamanin suke fizge littafi daga hannun matansu su cusa a murhu. Da idona na gani. Hayaƙin ma na shaƙa.

Na ce ba zan kama suna ba ko? Na fasa. Haladu ne.

Wani mutum ne a unguwarmu a Funtuwa, tsohon malamin awo a kasuwar auduga. In ka hango lema tana tafe a tsakiyar rani, babu hadari babu alamarsa, shi ne a ƙarƙashi. Hularsa kullum a karkace take wajen kunnen hagu kamar tana neman guduwa. Ba ya buɗe baki sai ya yi gyaran murya, ehem-ehem, sannan ya ce, "Ba don in yabi kaina ba." To daga nan sai ka nemi wurin zama, don yabon ya taso ke nan, ba zai sauka ba sai an kira salla.

Ni mai gyaran rediyo ne. Ban yi boko ba. Ajin yaƙi da jahilci na leƙa na kama baƙi, sauran na ƙarasa a shagon hayar littattafai na bakin kasuwa. Waɗanda suka san zamanin sun san shi. Littafi ya zo hannunka ya sha hannu har ya yi laushi kamar tsumma, yana warin manja da kananzir, wata ta rubuta sunan saurayinta a bango, wani ya goge ya sa nasa. Ka gama na ɗaya, ka ruga neman na biyu, a ce maka yana gidan wance, ita kuma ta tafi wankan jego da shi. Haka muka yi karatu, da haƙuri da zagi.

A duk abin da na karanta, babu wanda ya kama ni kamar wani mai suna Sai Jirgin Ƙasa Ya Dawo. Kashi uku ne. Labarin Lawandi ne, mai zuba gawayi a jirgin ƙasa, da tsohuwarsa da ke zaune a wani ƙauye kusa da tasha. Duk ranar da ta ji kukan jirgi sai ta rufe masa tuwo. Aka yi haɗari a kudu, labari ya zo cewa ya mutu, ta ƙi karɓar gaisuwa, ta ci gaba da rufe tuwonta. A nan na biyu ya tsaya. Na uku kuwa bai taɓa zuwa shagon garinmu ba. Sai bayan shekaru abokina Tsalha, direban babbar mota, ya tsinto mini shi a Kano. A ciki Lawandi ya dawo makaho. Ya sauka a tasha, ƙauye ya canza, babu wanda ya shaida shi. Sai ya jiyo daka daga nesa, irin dakan tsohuwarsa, bugu biyu sai tafi, bugu biyu sai tafi. Ya bi sautin da sandarsa har bakin turmi. Ni da nake ganin zuciyata ƙarfe ce, ranar sai da na ɗiga hawaye a cikin rediyon wani bawan Allah, ta ƙara lalacewa.

To a wancan zamanin ina Haladu? Yana kan gaba wajen yaƙi da littattafan. Ya ce su ke lalata mata, su ke ƙona miya. Matarsa Yalwa, baiwar Allah mai sanyin hali, tana da ɗan kwali na littattafai a ƙarƙashin gado. Ya fito da shi tsakar gida ya kunna ashana. Ya kuma kafa mata doka: ko leƙe kada ta ƙara yi gidan Goggo Tabawa. Goggo Tabawa maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba su. A gidanta matan unguwa suke taruwa bayan azahar suna ɓarar gyaɗa, ita kuma tana karanta musu littafi da ƙarfi, don duk cikinsu ita ce mai bakin karatu. Ba a jima da ƙona kwalin ba ciwon ciki ya kama Haladu, ya riƙe shi damina biyu. Yalwa ta yi ta fama da jiƙe-jiƙe. Mu dai a shago muka ce alhakin littattafai ne.

Zamani ya juya. Shagon haya ya koma na sayar da caja. Mutane suka fara kewar abin da suka raina. Kwatsam sai ga Haladu da sabon gilashi da sabon tarihi.

Wata rana muna zaune da Tsalha muna tuna Lawandi, sai ga lema ta tsaya a ƙofar shago.

"Ehem-ehem. Ba don in yabi kaina ba, littafin nan da kuke magana, haddace shi na yi. Kai, amma ragon nan na ƙarshe! Marubucin nan ya iya rago."

Na ajiye abin da ke hannuna. "Wane rago?"

"Ragon ƙarshe mana."

"Malam Haladu, babu rago a littafin nan. Ko kaza babu."

Ya dube ni ta saman gilashi, irin kallon da likita ke yi wa wanda ba zai tashi ba. "Allah sarki. Bugun jabu ka karanta. Na asalin yana Kaduna, a babban ɗakin karatu. Can na karanta shi, a kan kujera mai laushi, fanka na kaɗawa a kaina."

"To me ragon ya yi?"

"Je ka Kaduna ka gani. Ilimi ba a raba shi a bakin titi."

Wallahi ba don Tsalha ya riƙe mini hannu ba, da na ɗana masa ƙarfen narka dalma a hular nan. Muka yi ta wannan rigima, yau mu yi gobe mu yi. Har na fara zargin kaina. Na ɗauko na ukun na sake bi shafi-shafi, ko rago ya ɓuya a wani lungu. Ko kashinsa ban gani ba.

Ana nan sai aka buɗe wani sabon gidan rediyo a garin. Suka yi sanarwa suna neman dattijo wanda zai riƙe fili na mako-mako, ya riƙa tuna wa jama'a tsofaffin littattafai yana ba su shawarar wanda za su nema. Sharaɗi ɗaya ne: za a gwada mutum kai tsaye, masu saurare su bugo waya, in sun gamsu fili ya zama nasa.

Haladu ya ji, barci ya ƙaurace masa. Shi da tun da ya bar awo babu mai tambayarsa ko ƙarfe nawa, ga dama ta zo duk lardin zai riƙa jin muryarsa. Ya ɗinka sabuwar malum-malum. Don rediyo fa! Wurin da ko tsirara ka shiga babu mai gani sai mai kunna inji. Ya bi gida-gida yana sanarwa. Ya ce wa Yalwa ta kunna tata rediyon ta ƙure murya. Har shagona ya zo.

"Ka goge rediyon nan taka da kyau ranar Laraba, kada muryata ta fito da tsatsa."

Na ce, "Kada ka damu, Malam. Abin da ka zuba shi zai fito."

Ranar Laraba bayan la'asar shagona ya cika har bakin kwata. Na ɗora babbar rediyo a kan benci. Yarinyar da ke gabatarwa, Barira sunanta, ta yi sallama ta gabatar da shi, ta ce, "Baba, wane littafi za ka fara ba masu saurare shawara su nema?"

"Ehem-ehem."

Shago ya amsa baki ɗaya, "Ba don in yabi kaina ba!"

"Ba don in yabi kaina ba," in ji rediyo, "na karanta littafi ya fi gashin kanki yawa, 'yata. Amma sarkinsu shi ne Sai Jirgin Ƙasa Ya Dawo."

Ya kama labari. Gaskiya ɗaya ce, ba zan ci haƙƙinsa ba: na ɗaya da na biyu ya kawo su tsaf. Har muryar tsohuwar ya kwaikwaya, wurin da take korar masu zuwa gaisuwa. Waya ta fara shigowa. Wannan ya ce Allah ya ƙara basira. Waccan ta ce ya tuna mata da ƙuruciya har ta yi kuka. Barira sai "ikon Allah" take yi. Tsalha ya dube ni ya ce, "Mutumin nan fa zai ci filin nan." Wato kowace Laraba sai na saurari wannan lema tana wa'azi a cikin shagona?

Sai Barira ta ce, "To Baba, yaya aka ƙare?"

"Yawwa! Nan ne inda ake bambanta makaranci da mai jin-an-ce. A kashi na uku marubucin ya kawo wani maƙwabcin tsohuwar, wai shi Malam Maƙale. 'Yata, duk rubutun Hausa ba a taɓa zana sakarai kamar wannan ba. Mutum ne mai yawo da lema a tsakiyar rani."

Wani a bayan shago ya ce, "Eye?"

"Hularsa a karkace kamar an mare ta. Ya hana matarsa zuwa ko'ina, shi kuwa ba shi da aiki sai laɓe a jikin katangar mutane yana sauraren abin da ba a gayyace shi ba. Kuma abin da zai ba ki dariya, duk maganar da zai yi sai ya fara da gyaran murya ya ce wai shi ba yabon kansa yake ba. Kin ji wawa! Ehem-ehem. Ba don in yabi kaina ba, ni na fara gane hikimar da ke cikin wannan mutumin."

Kowa ya kalli na kusa da shi. Tsalha ya buɗe baki ya manta bai rufe ba.

"To ranar da Lawandi ya dawo," Haladu ya ci gaba, murya har tana rawa don daɗi, "Malam Maƙale yana maƙale a katanga yana leƙe. Sai ragon tsohuwar ya ja da baya, ya ja da baya, ya taho a guje, ƙum! Ya ɗauke shi da lemar da hular, tsulum a cikin kwatami! Ya fito yana tsiyaya, yana cewa shi da gangan ya shiga."

Ya fashe da dariya shi kaɗai, har yana buga tebur muna ji.

Waya ta shigo. Wani ne daga Bakori. "Malam, ni fa ina da na ukun nan a gida, ban ga rago ba."

"Bugun jabu ne, ɗana. Ka je Kaduna, babban ɗakin karatu, ka ce a ba ka na asali. Wa ke biye?"

Wadda ke biye muryar tsohuwa ce, a shaƙe amma tar, kamar sabuwar ƙararrawa.

"Salamu alaikum. 'Yar nan, Tabawa ce, maƙwabciyar malamin naku."

"A'a, Goggo!" in ji Haladu. "Kin gani ko, Barira? Har iyayenmu suna saurare."

"Ina saurare, Haladu, ai bi da bi ne. Ragon nan da ka faɗa, wane iri ne?"

"Baƙi ne, Goggo, mai farin goshi, ƙahonsa na dama a karye."

"Sunansa fa?"

"Ɗan Gata."

"To nawa ne. Da hannuna na ba shi dusa har ya girma. Da babbar salla muka yanka shi, kai ma an kai maka cinya, ka aiko cewa ta yi tauri."

Barira ta ce, "Goggo, ban gane ba. Ragonki ne a cikin littafi?"

"Wane littafi, 'yar nan? Na ukun ai bai zo garin nan ba. Na karanta wa matan unguwa na ɗaya da na biyu, suka tasa ni gaba sai na kawo ƙarshe. Na aika shagon haya har na gaji. Sai na ce musu to ku zauna, zan ƙera muku nawa. Na riƙe na biyun a hannu don kada hannuna ya zauna haka nan, na yi ta zubo shi daga kaina. Ba a rubuta shi ko'ina ba. Daga ni sai matan da ke ɓarar gyaɗa a tsakar gidana."

"Maza suna shiga wurin?"

"Wane namiji? Ko maigidana, Allah ya jiƙansa, in ya ga takalma a zaure juyawa yake."

"To Baba a ina ya ji?"

"Tambaye shi mene ne a jikin katangata ta ɓangarensa."

Shiru. Irin shirun da har na miƙa hannu na bubbuga rediyon, na ɗauka batir ne.

"Baba?" in ji Barira.

"Ehem..."

"Banɗaki ne, 'yar nan," in ji Goggo. "Kullum muna shimfiɗa tabarma sai mu ji an ajiye buta, ƙwal. Shi ke nan ɗalibinmu ya iso. In na tsaya shan ruwa sai a yi gyaran murya ta bayan katanga, wai in ci gaba. Ranar da labarin mutuwar Lawandi ya zo, har fyace hanci muka ji. Wani lokacin mu hango kan hula yana leƙowa. Mutumin da ya ƙona wa matarsa littattafai, ya hana ta zama cikin 'yan'uwanta! Na ce to tunda kana son labari, bari in sa ka a ciki. Na ba ka lemarka, na ba ka hularka, na haɗa ka da ragona. Matan nan har kwanciya suke don dariya. Na yi ta jira ka aiko a yi mini faɗa, shiru. Ashe bawan Allah daɗi ka ji. Ashe haddacewa ka yi!"

Abin da ya faru a shagona ba ya faɗuwa. Benci ya karye. Tsalha ya durƙusa yana dukan ƙasa yana cewa a taimake shi. Ni kuwa na ɗaga hannu sama na ce, "Na gaya muku babu rago! Na gaya muku!" Babu wanda ya ji ni.

Amma Haladu bai mutu ba tukuna. Ya tattaro sauran numfashinsa.

"Jama'a, a yi wa Goggo uzuri. Shekaru ne. Tsufa yakan haɗa mafarki da gaskiya. Wataƙila ita ce ta jiyo ni ina ba da labarin bayan na dawo daga Kaduna, shi ne..."

"Baba, ga wani kiran," in ji Barira. Kana jin muryarta ka san ta toshe baki da mayafi.

"Salamu alaikum. Malam, ni ce."

Duk unguwa babu wanda bai san muryar ba. Yalwa ce. Matar da shekara da shekaru ba a taɓa jin ta ɗaga murya ko a kan akuya ba.

"Ke! Kashe wayar nan, duniya na ji!"

"Ai kai ka ce in ƙure murya, Malam. Tambaya ce da ni, ba yawa. Ciwon cikin nan na damina biyu, wanda kullum bayan azahar kake ɗaukar buta, ba ka fitowa sai an kira la'asar."

"Yalwa, wannan maganar gida ce."

"Na dafa maka sabara. Na jiƙa maka ɓawon marke. Na tafi har ƙauye a ƙafa da goyo wurin mai magani. Na daina sa yaji a miya, ni da yara muka yi ta cin lami saboda kai. In ka daɗe a ciki har zagayawa nake ina addu'a kada ka faɗi. Wata rana ka fito ido jawur, na ce ciwon ne, ka ce eh. Ashe Lawandi ne ya mutu."

"Ki bari in dawo mu yi magana."

"Babu komai, Malam, ka dawo lafiya. Ni dai so nake in gaya wa mutumin Bakori kada ya wahalar da kansa zuwa Kaduna. Babban ɗakin karatun yana nan bayan ɗakina. Ni nake wanke shi kullum da safe. Fanka ce dai ban taɓa gani ba, sai ƙudaje."

Ƙit, ta kashe.

Muka ji "ehem." Muka jira na biyun. Bai zo ba. Sai tallan takin zamani ya shigo.

An ce ta ƙofar baya ya fita, lema a buɗe, ya sauke ta har ƙirji. Filin dai har yau bai sake jin ƙamshinsa ba. Malum-malum tana nan, an ce Yalwa ta rufe buhun masara da ita. Ni kuma washegari na naɗe kashi na uku a leda na aika gidan, na ce a ba Yalwa a hannunta. Ita ya kamata ta san yadda Lawandi ya gane dakan tsohuwarsa, ta jira abin ya isa. An ce a tsakar gida ta karanta shi, da ƙarfi, Goggo Tabawa na gefe a kan tabarma. Maigidan yana ɗaki. Ko tari bai yi ba.

Saboda haka shawarata ga mai neman abin karantawa: ka nemi Sai Jirgin Ƙasa Ya Dawo, duka ukun, ko a hannun wa ka gan shi. Ka karanta da idonka, a zaune, a wuri mai tsabta. In kuma wani mai gilashi ya tare ka yana dafe ƙirji yana cewa littattafan da, ka fara tambayarsa inda kwalin matarsa yake.

Wanda kuma ya ce ƙarya na shirga, bismilla, hanya a buɗe take. Ya zo unguwarmu, ya tsaya a ƙofar shagona, ya ce da ƙarfi zai tafi Kaduna karatu. In ba buta aka miƙo masa ba, ya ɗauki rediyon da ya ga dama ya tafi da ita.